Daga wace rana ake fara ƙirga shekarunka a wurin aiki?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya wani ƙanina ya zo mini gida bayan isha'i da takarda a hannu. Shekara tara yana aiki a wata masana'anta a matsayin kazuwal, wato ma'aikacin wucin gadi. Bara aka ba shi takardar ɗauka ta dindindin, muka yi ta murna, har da 'yar walima. Bana kasuwa ta ja baya, kamfani zai rage mutane, kuma ƙa'idar da ƙungiyarsu ta sa wa hannu ita ce wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita. Sai ga sunansa a sahun gaba. Yaron da shi ya koya wa injin, wanda ya shigo shekara uku da suka wuce kai tsaye da takardar dindindin, yana nan daram. Ya dube ni ya ce, "Yaya, to shekara taran nan a ina na yi su?"

Ban da amsar da zan ba shi a daren. Amma tambayarsa ta tuna mini da wani tarihi da na daɗe ina bibiya, na 'yan dakon tashoshin jiragen ruwa na yammacin Amurka. Ina so ku ji shi, domin a can ne na fi ganin yadda wannan matsala take tasowa, kuma daga hannun mutanen da ba ka zata ba.

Kafin 1934, idan kana son aikin sauke kaya daga jirgi a San Francisco, tun asuba za ka je bakin teku ka tsaya cikin ɗaruruwan mutane. Foman ya fito ya zaga ido, ya nuna wannan, ya tsallake wancan. Wanda ya taɓa wucewa ta inda leburori suke zama da safe a bakin titi da shebur da diga suna jiran motar ɗan kwangila ya san hoton. Wanda aka nuna ya ci abinci ranar, wanda ba a nuna ba ya koma gida ko ya ci gaba da rakuɓewa ko wani jirgi zai shigo da rana. Foman yana karɓar na goro, wani a saya masa giya, wani a yanka masa wani abu daga ladan ranar. Akwai 'yan gaban goshi da ake ba su aiki kullum har su kusa mutuwa don gajiya, sauran kuma su yi mako ba su samu komai ba. Tun da aka murƙushe yajin aikin 1919, ƙungiyar da ta rage ma ta kamfani ce, ana ce mata ta shuɗin littafi, sai ka nuna littafin kafin a dube ka. Tsoho da ya yi shekara ashirin a bakin tekun nan da yaron da ya zo jiya duk ɗaya suke a idon foman, har ma gara yaron, ƙashinsa bai gaji ba.

Ranar 9 ga Mayu 1934 suka ajiye aiki a duk gaɓar yamma, tun daga Seattle har San Pedro. Kwana 83 aka yi. Ranar 5 ga Yuli 'yan sanda suka buɗe wuta a San Francisco, aka kashe mutum biyu, Howard Sperry da Nick Bordoise, ranar da har yau ƙungiyar take tsayar da aiki duk shekara don tunawa da ita. Bayan jana'izarsu garin gaba ɗaya ya shiga yajin gama-gari na kwana huɗu. A watan Oktoba kwamitin sulhu da shugaba Roosevelt ya naɗa ya yanke hukunci: aikin awa shida a rana, senti 95 a awa, sannan babban abin da aka zubar da jini a kansa, wato zauren rabon aiki. Daga yanzu ba foman zai zaɓi mutum ba. Kamfani ya faɗi adadin mutanen da yake so, mai rabon aiki wanda 'yan ƙungiya suka zaɓa shi zai tura su. Jagoran wannan gwagwarmaya wani ɗan asalin Ostireliya ne, Harry Bridges, wanda ya shugabanci ƙungiyar ILWU tun kafa ta a 1937 har shekara arba'in.

A nan akwai abin da ya fi burge ni. Tsarin da suka gina a San Francisco bai ce wanda ya fi daɗewa shi zai fara samun aiki ba. Cewa ya yi wanda ya fi ƙarancin awoyin aiki shi za a fara turawa. Kowa ya rubuta awoyinsa, wanda aka bari a baya ya wuce gaba. Idan aiki ya yi ƙaranci, a raba yunwar daidai. Wallahi duk tsare-tsaren ƙwadago da na karanta, kaɗan ne suka kai wannan adalci. Bridges ya kuma shiga majami'un baƙaƙen fata lokacin yajin ya yi musu alkawarin cewa idan ba su karɓi aikin masu yaji ba, ƙungiya za ta buɗe musu ƙofa, kuma a San Francisco an cika alkawarin.

To amma raba aiki daidai yana da sharaɗi: tsakanin su wa? Tsakanin waɗanda sunansu yake cikin rajista. Aikin tashar jirgi kuwa kamar damina yake, yau jirage goma, gobe biyu. Ranar da jirage suka yi yawa dole a nemo ƙarin hannu daga waje, ranar da suka ragu a ce musu sai mun neme ku. Ke nan tun ranar da aka kashe tsayuwar asuba aka haifi wata tambaya: waɗannan na wajen, kwanakin da suke yi suna tara musu wani haƙƙi ko kuwa iska suke bi?

An fara ganin amsar a Los Angeles bayan yaƙin duniya na biyu. Lokacin yaƙi an ɗebi mutane da yawa, ciki har da baƙaƙe waɗanda a da ba a barinsu su shiga. Da yaƙi ya ƙare aiki ya ragu, sai aka cire kimanin mutum 500 daga rajista bisa ƙa'idar na ƙarshen shigowa, kusan rabinsu baƙaƙe. A takarda ba a nuna wa kowa bambanci ba. Amma me ya sa su ne na ƙarshen shigowa? Saboda shekara da shekaru an hana su shigowa. Da aiki ya farfaɗo kuma, maimakon a bi layi a dawo da su, sai aka riƙa shigo da wasu ta ƙofar gefe, wannan ɗan wane ne, wancan wane ya tsaya masa. Ka ga ita ƙa'idar daɗewa takan yi tsauri idan za a fitar da kai, ta yi laushi idan za a dawo da kai.

Sai kwantena ta zo. A watan Afrilu 1956 Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston, a 1958 kuma kamfanin Matson ya fara nasa tsakanin California da Hawaii. Bridges ba wawa ba ne, ya hango cewa aikin da mutum ashirin suke kwana suna yi da ƙugiya da kafaɗa injin zai gama shi kafin azahar. Ya yanke shawarar cewa tunda ba za a iya hana injin zuwa ba, gara a sayar da izinin da tsada. A watan Oktoba 1960 ILWU ta sa hannu da ƙungiyar masu kamfanonin, PMA, kan yarjejeniyar shigo da injuna da zamanantar da aiki. Kamfanoni za su riƙa zuba dala miliyan 5 duk shekara har shekara biyar da rabi. Da kuɗin za a tabbatar ba a kori mai cikakkiyar rajista ba saboda injin, a lamunce masa ladan awa 35 a mako, wanda ya cika shekara 25 a aiki kuma ya tafi da dala 7,920 ban da fanshonsa. A madadin haka ƙungiya ta saki tsofaffin ƙa'idojinta na yawan mutanen da za a sa a kowane rukuni da nauyin kayan da za a ɗaga a lokaci guda.

Ku lura da kalmar nan, mai cikakkiyar rajista. Su ake kira 'yan ajin A. Shekara guda kafin yarjejeniyar, a 1959, an ɗebi sababbin mutane fiye da 700 a San Francisco aka sa su wani aji da ake kira B. Ɗan ajin B yana da rajista, amma rabi. Ba ɗan ƙungiya ba ne. Sai 'yan A sun gama zaɓar aikin da suke so sannan a ba shi ragowar, ragowar kuwa ita ce can ƙasan jirgi, buhunan kofi da ɗanyar fata mai wari da kayan da ke karya baya. Dole ya riƙa bayyana a zaure kashi 70 cikin 100 na ranakun aiki, don haka ba shi da damar riƙe wani aikin kirki a gefe. Yana biyan kasonsa na kuɗin tafiyar da zauren. Idan ana taron ƙungiya sai dai ya hau bene ya zauna ya yi kallo, ba ya magana, ba ya jefa ƙuri'a. Kuma cikin miliyoyin nan da aka zuba, ba a ware masa ko sisi ba.

Wannan shi ne wurin da nake so mu tsaya mu yi tunani. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yarjejeniyar yawancinsu dattawa ne da suka ga 1934 da idonsu, ritaya ta matso musu. Su suka karɓi kuɗin. Ƙa'idojin da aka sayar kuwa, na rage nauyi da yawan hannu, su ne suke kare mutumin da yake ƙasan jirgi, kuma mutumin nan ɗan B ne da ba a tambaye shi ba. Da aka saki ƙa'idar nauyi kafin injunan su iso ko'ina, kayan suka ƙara nauyi, hannun da ke turawa ya ragu. An sayar da akuyar wani, an ba wani kuɗin. Reshen Los Angeles dai ya ƙi amincewa da yarjejeniyar, amma sauran tashoshi suka rinjaye shi.

A 1963, bayan shekara huɗu ana jira, aka zo ɗaga 'yan B na San Francisco zuwa A. Aka ɗaga da yawa. Amma mutum 82 aka ce musu ba ɗagawa, kuma ba zama, an soke rajistarsu gaba ɗaya. Mafi yawansu baƙaƙe ne. Laifin da aka jingina musu shi ne jinkirin biyan kuɗin zaure da rage awoyi wajen rubutawa don su riga wasu samun aiki. Su kuma suka ce ƙa'idojin da aka auna su da su sababbi ne, an yi su daga baya aka waiwaya da su kan shekarun da suka wuce, kuma ɗan A da ya yi irin wannan laifi ba a raba shi da abincinsa. Cikinsu akwai Stan Weir, wanda 'yan B suka zaɓa ya riƙa magana da yawunsu, kuma ya yi ta sukar yarjejeniyar 1960 a fili. Shi ya yi imani bakinsa ne ya jawo masa. Suka tafi kotu, marubuci James Baldwin yana cikin waɗanda suka mara musu baya, aka yi shekara 17 ana shari'a, daga ƙarshe suka faɗi. Shekara huɗu a ƙasan jirgi ba ta saya musu ko haƙƙin a saurare su yadda ake sauraren ɗan ƙungiya ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Bridges mugu ne. Mutumin nan gwamnatin Amurka ta yi kusan shekara ashirin tana neman korarsa daga ƙasar, har sau biyu maganarsa tana zuwa Kotun Ƙoli, kuma bai tara dukiya da kujerarsa ba. Hujjarsa tana da ƙarfi: idan ka cika rajista da mutane alhali ka san aiki zai ragu, gobe kowa zai koma rabin ciki, kuma alkawarin ba kora zai gagara cikawa. Sai dai lissafin bai fita yadda aka zata ba a farkon lamari. Yaƙin Vietnam ya cika tashoshin yamma da kaya, aiki ya yi yawa har kuɗin lamunin albashin nan kusan ba a taɓa shi ba. Ashe an tsare mutane a bakin ƙofa saboda tsoron farin da bai zo ba sai daga baya. Da ya zo kuwa ya zo da ƙarfi, kuma fushin matasan da suka gaji wannan tsari yana cikin abin da ya haddasa yajin 1971, wanda ya ɗauki fiye da kwana 130.

Yau a tashoshin Los Angeles da Long Beach aji uku ne: A, B, sannan kazuwal a ƙasa. Aikin ɗan A yana cikin aikin ƙarfi mafi tsoka a Amurka. Yarjejeniyar 2023 ta shekara shida, wadda ta shafi ma'aikata kimanin 22,000 a tashoshi 29, ta ƙara albashi da kashi 32 cikin 100. Shi ya sa a 2004, da aka ce za a ɗebi kazuwal 3,000 ta hanyar ƙuri'a, katunan neman shiga da aka aiko sun haura 300,000. Ƙuri'ar shiga layi fa, ba ta samun aiki ba. Kazuwal ba ɗan ƙungiya ba ne, ba shi da inshorar lafiya ta yarjejeniyar, ba shi da fansho, sai A da B sun ɗiba ya samu abin da ya rage, wani lokaci kwana ɗaya a mako. Akwai waɗanda suka haura shekara goma a haka.

Amma ga wani bambanci da bai kamata a raina ba, kuma shi ne ya sa na kawo duk wannan labari. Awoyin kazuwal a can ana rubuta su. Duk awar da ya yi tana shiga lissafi, kuma idan za a ɗaga mutane zuwa ajin B ana bin yawan awoyin ne. Layin yana da tsawo ƙwarai, yana cin ƙuruciyar mutum, amma layi ne, mutum ya san inda yake tsaye, kuma ɗan mai gida ba zai faɗo daga sama ya wuce shi cikin sauƙi ba. Wahalar ba ta ɓace ba, sai dai ba ta tafiya a banza gaba ɗaya.

Masu haɗa motoci a Amurka su kuma ta wata hanyar suka bi, suka sa wa zaman wucin gadi wa'adi. A yajin kwana 40 da ƙungiyar UAW ta yi wa General Motors a 2019, maganar 'yan wucin gadi tana kan gaba, aka samu cewa wanda ya yi shekara uku a jere za a mai da shi na dindindin. A yajin 2023 aka rage wa'adin zuwa wata tara. Abin da ya sa hakan ya yiwu a ganina shi ne su 'yan wucin gadin nan 'yan ƙungiya ne, suna biyan kuɗin wata, suna tsayawa a layin yaji, suna da ƙuri'a ranar amincewa da yarjejeniya. Shugaban da ya manta da su ya san zai gamu da su a akwatin zaɓe. Ɗan B na 1960 da yake zaune a bene ba shi da wannan sandar.

Mu dawo gida. Dokar Ƙwadago ta Najeriya a sashe na 7 ta ce kada a wuce wata uku da fara aiki ba a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa a rubuce ba. Kowa ya san dabarar da ake yi: kafin wata ukun ya cika a ce ka huta mako guda, ka dawo a sake rubuta sunanka kamar yau aka fara ganinka. Ko kuma a ce ai kai ba ma'aikacinmu ba ne, na ɗan kwangilar da ya kawo ka ne, alhali injin ɗaya kuke tsayawa a kai da mai takarda. Sashe na 20 kuma ya ce idan za a rage ma'aikata a bi ƙa'idar na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita, tare da duba ƙwarewa da cancanta. Ƙa'idar ba ta da laifi, ita ce take hana manaja ya kori dattijon da ya tsufa a kan aiki ya bar ɗan ƙanwarsa. Ni ba na cikin masu cewa a soke ta. Amma idan aka haɗa ta da dabarar wata uku, sai ta zama wuƙar da ake yanka wanda ya fi kowa daɗewa da ita, kamar yadda aka yi wa ƙanina.

NLC da NUPENG da sauransu sun sha yin zanga-zanga a ƙofar kamfanoni kan maganar kazuwal, kuma a yaba musu. Abin da nake tambayar shugabannin rassa, musamman abokaina da na san suna karanta ni a nan, shi ne abin da yake cikin takardar da kuke sa wa hannu. Idan an mai da kazuwal na dindindin, wace rana ake rubutawa a matsayin ranar fara aikinsa? Hutun dolen da kamfani yake ba shi yana goge abin da ya tara? Akwai wani littafi da ƙungiya take riƙe da shi na kwanakin da kowane kazuwal ya yi, ko kuwa sai abin da ofishin kamfani ya ga dama ya nuna? Ranar da za a amince da yarjejeniya, yana cikin ɗakin?

Na ce wa ƙanina ya je ya samu shugaban reshensu ya nemi ganin yarjejeniyar da idonsa, ya kuma tattaro duk wata shaida ta shekarun nan tara, tsofaffin katunan shiga, saƙonnin banki na biyan lada, har hotunan da suka ɗauka a bakin injin. Ya je shekaranjiya. Shugaban ya karɓe shi da mutunci, ya buɗe masa shafin. An rubuta cewa shekarun aiki suna farawa daga ranar da ke kan takardar ɗauka ta dindindin. Ya tambaye shi wa ya yarda da wannan layin. Shugaban ya ce taron mambobi ne ya amince da shi shekara huɗu da suka wuce, babu wanda ya ɗaga hannu ya ƙi. Ƙanina ya ce ya tuna ranar, don su kazuwal aka bari a kan injuna saboda masu takarda su samu halartar taron.